Yaya Michigan ta ci maki 550 a 1901 ba a ci ta ko ɗaya ba?

Wani ɗan'uwa ya tambaya game da ƙwallon zari-ruga irin ta Amurka, wadda jami'o'in ƙasar ke bugawa. Ya ce ya ga an rubuta cewa ƙungiyar Jami'ar Michigan ta buga wasa 11 a kakar 1901, ta ci duka, ta tara maki 550, ba wanda ya ci ta ko maki ɗaya. Yana son ya san ko gaskiya ne, in kuwa gaskiya ne, ƙarfin ƙungiyar ne ko raunin waɗanda ta kara da su.

Malam, lissafin gaskiya ne, kana iya tarawa da kanka. Ta fara da Albion ranar 28 ga Satumba, 50 da nema. Sai Case 57, Indiana 33, Northwestern 29, Buffalo 128, Carlisle 22, Ohio State 21, Chicago 22, Beloit 89, Iowa 50, sannan Stanford 49 ranar 1 ga Janairun 1902. Duk cikinsu ba wadda ta rama ko ɗaya. Amma wanda ya ɗauki wannan lamba ya auna ta da wasan da ake nunawa a talabijin yau, zai yi kuskure, don wasan 1901 daban yake da na yanzu. Sai an san dokokin lokacin kafin a gane abin da Michigan ta yi da kuma abin da ba ta yi ba.

Filin wasa a lokacin tsawonsa yadi 110 ne, wato mita 100 da 'yan kai, faɗinsa ƙafa 160. Turakun gola a kan layin ƙarshe suke tsaye. Kowane ɓangare mutum 11. Wasa rabi biyu ne, kowane rabi minti 35, sai dai kyaftin biyu na iya shiryawa tun kafin a fara su rage lokacin, kuma an saba yin haka, musamman a wasannin farkon kaka ko in duhu ya kusa, tunda babu fitilu a fili. Dire ƙwallo bayan layin abokan karawa maki 5 ne, ba 6 ba kamar yau. Bugun ƙari bayan direwa maki 1. Buga ƙwallo ta bi tsakanin turaku daga cikin fili maki 5, daidai da direwa. In aka kayar da mutum da ƙwallo a cikin gidansu bayan su suka kai ta can, maki 2 ne ga ɗaya ɓangaren.

Dokoki huɗu ne suka fi muhimmanci ga tambayarka. Ta farko, ƙungiyar da ke riƙe da ƙwallo tana da yunƙuri uku ta ci yadi 5. In ta ci, a sake ba ta wasu ukun. In ta kasa, ƙwallo ta koma hannun abokan karawa a wurin da aka tsaya. Ta biyu, haramun ne a jefa ƙwallo gaba. Ana iya miƙa ta baya ko a jefa ta gefe, amma hanyar ci gaba biyu ce kawai: a ruga da ita a hannu, ko a buga ta da ƙafa a bar wa abokan karawa. Ta uku, wanda aka fitar daga wasa ba ya dawowa, saboda haka canji sai dole, mutum 11 ɗin nan su ne masu kai hari, su ne masu tsaron gida, daga farko har ƙarshe. Ta huɗu, wadda mutane suka fi mantawa da ita, ƙungiyar da aka ci ita ce ke bugo ƙwallo daga tsakiyar fili. Ma'ana wanda ya ci, hannunsa ƙwallo ke komawa nan take.

Haɗa waɗannan huɗun ka gani. Yadi 5 a yunƙuri uku bai kai yadi biyu a kowane yunƙuri ba. Ƙungiyar da sahun gabanta ya fi na abokan karawa ƙarfi ko da kaɗan ne, ba ta da dalilin rabuwa da ƙwallo. Za ta yi ta turawa yadi biyu, yadi uku, har ta dire. Da ta dire, a bugo mata ƙwallo ta sake farawa. Su kuwa waɗanda ake turawa ba su da damar kawo sabbin mutane, ba su da dogon jifa da zai ba su maki cikin ƙiftawar ido su farfaɗo. Duk direwa ɗaya tana ƙara musu gajiya, gajiyar kuma tana sauƙaƙa direwa ta gaba. Shi ya sa a wancan zamani ƙaramin bambancin ƙarfi yake zama babban bambancin maki, kuma shi ya sa hana abokan karawa ci ba baƙon abu ba ne. Yale ta gama kakar 1888 da kusan maki 700 ba a ci ta ba. Wisconsin ma a shekarar 1901 ɗin maki 5 kacal aka ci ta a wasa tara.

To amma dokar nan kowa ita yake bi, kuma Michigan ɗin kanta a 1900 ba ta yi wani abin a zo a gani ba. Ta ci bakwai, ta yi canjaras babu ci da Ohio State, Iowa ta lallasa ta 28 da 5, Chicago ta doke ta 15 da 6. Abin da ya sauya shi ne koci. Charles Baird, mai kula da harkokin wasanni na jami'ar, ya ɗauko Fielding Yost, mutumin West Virginia, ɗan shekara 30, wanda ya karanta shari'a amma ya zaɓi horar da 'yan ƙwallo. Kafin nan kowace shekara makaranta daban yake: Ohio Wesleyan a 1897, Nebraska a 1898, Kansas a 1899 inda ya ci wasa goma cif, sai Stanford a 1900. Stanford ta kafa dokar cewa tsohon ɗalibinta ne kawai zai horar da ƙungiyarta, wannan ya raba shi da aikin. Ka riƙe wannan, zai dawo a wasan ƙarshe.

Tsarin tsayuwa a lokacin haka yake. Ɗan tsakiya ne ke miƙo ƙwallo ta tsakanin ƙafafunsa. A damansa da hagunsa akwai masu gadi biyu, bayansu a jere 'yan kamu biyu, a ƙarshen sahu 'yan gefe biyu. A bayan ɗan tsakiya akwai madugu, shi ke kiran lambobin da ke nuna dabarar da za a yi, shi ke karɓar ƙwallo. Sai masu gudu uku a baya, biyu a gefe ɗaya a tsakiya. Doka ta hana madugu ya tsallake layin karo da ƙwallon da ya karɓa kai tsaye, dole ya miƙa wa wani. Wato a kowane yunƙuri ƙwallo na sauya hannu sau biyu kafin a fara gudu, kuma nan ne take yawan suɓucewa. Doka ba ta tilasta mutum bakwai a sahun gaba ba, saboda haka ana janyo ɗan kamu ko mai gadi, mutum mai nauyi, a tsayar da shi a baya ya zo da gudu ya fasa sahu. An kuma yarda 'yan'uwan mai ƙwallo su tura shi daga baya, su ja shi ta gaba, kamar yadda ake taruwa a tura motar da ta kafe a laka. Faɗuwa ƙasa ba ta tsayar da wasa sai an danne mutum ya kasa motsi.

Mutanen Yost a wannan tsari: George Gregory ɗan tsakiya, Dan McGugin da Ebin Wilson masu gadi, kyaftin Hugh White da Bruce Shorts 'yan kamu, Curtis Redden da Albert Herrnstein sukan tsaya a gefe, Harrison Weeks madugu, Willie Heston da Everett Sweeley masu gudu, sai Neil Snow a tsakiyar baya. Snow shekara uku yana ɗan gefe, har ya yi kyaftin a 1900, Yost ya mai da shi baya don ya yi amfani da nauyinsa wajen fasa sahu. Heston kuwa daga Kalifoniya ya biyo Yost, don ya buga masa a kwalejin horar da malamai ta San Jose. Ga abin da zai nuna maka irin wasan: wanda ya fi kowa tara maki a ƙungiyar shi ne Shorts, ɗan sahun gaba, saboda shi ke bugun ƙari, kuma shi ake janyowa baya ya ɗauki ƙwallo in an kusa layi.

Dabarar janyo ɗan kamu baya ba Yost ya ƙirƙiro ta ba, Yale da Harvard suna yin ta. Abin da ya kawo nasa shi ne sauri tsakanin yunƙuri da yunƙuri, har aka yi masa laƙabi da kalmar da ba ta barin bakinsa a wurin atisaye, wato a yi sauri. A wancan lokaci ba a taruwa a yi shawara kafin kowane yunƙuri, kuma an hana koci ba da umarni daga gefen fili, komai yana hannun madugu. Yawancin ƙungiyoyi sukan tashi daga tarin mutane a hankali, a gyara riga, a ja numfashi, a jeru, sannan madugu ya fara kiran lamba. Weeks tun mutane na tashi yake kiran lambar gaba, sahu ya jeru a guje, a miƙo ƙwallo kafin masu tsaro su gama tsayawa a wurarensu. Ribar wannan uku ce. Mai tsaron da bai tsuguna ya kafa ƙafa ba, ture shi ba wuya. Masu tsaro ba su samun lokacin duba inda aka tara masu nauyi su ƙara mutum a wurin. Sannan yawan yunƙuri a cikin minti 35 yana ƙaruwa, kuma ga ƙungiyar da ke cin yadi a kusan kowane yunƙuri, ƙarin yunƙuri ƙarin maki ne.

Saurin nan yana da tsada, shi ya sa ba kowa ya iya kwaikwayonsa ba. In mutum ɗaya bai ji lamba ba saboda hayaniya ko haki, zai bi hanyar da ba tasa ba, madugu ya juyo ya miƙa ƙwallo ga iska. In sahu ya yi gaggawa wani ya tsallake layi kafin a miƙo ƙwallo, alƙalin wasa ya ci su tara, kuma da yunƙuri uku kacal tara ɗaya ta isa ta kashe hari. In kuma masu saurin suka riga abokan karawa gajiya, dabarar ta juyo kansu, tunda ba canji. Maganin duk wannan a wurin atisaye yake. Yost ya kwashi 'yan wasansa tun farkon Satumba, kafin a buɗe makaranta, zuwa bakin tafkin Whitmore da ke arewacin Ann Arbor, garin da jami'ar take. Babban aikin shi ne bin lambobi ba tare da abokan karawa ba: a jeru, a kira lamba, a ruga, a sake jeruwa, a yi ta zagaya fili har kowa ya san wurinsa ba sai ya yi tunani ba. Lafiyar jiki da juriya kuwa aikin Keene Fitzpatrick ne, kocin 'yan tsere na jami'ar, mutumin da ya san yadda ake gina numfashi ba tare da an karya ɗan wasa ba. A ganina rabin nasarar kakar nan tasa ce, ko da yake sunan Yost ake ambata.

Sifilin da ke ɗaya gefen lissafin ya fi 550 ɗin wuyar samu, don bugu ɗaya tsakanin turaku ya isa ya ɓata shi. Ba sai an kai layinka ba, in abokan karawa suka matso kamar yadi 30 ko 35 kuma suna da mai ƙafa, maki 5 na iya shiga. Don haka aikin ba tare ƙofar gida ba ne kawai, a hana su shigowa rabin filinka ne gaba ɗaya. Nan Sweeley ya yi amfani. A wancan wasa ba a jiran yunƙuri na ƙarshe kafin a yi dogon bugu. In kana kusa da gidanka, sai ka buga tun a yunƙurin farko, don suɓucewar ƙwallo a nan ita ce hanya mafi sauƙi da ƙaramar ƙungiya za ta ci babba. Mai bugu ya ɗaga ta sama ta yi nisa, 'yan gefe biyu su bi ta a guje su cafke mai karɓa kafin ya yi taku biyu. In mai bugunka ya fi nasu da yadi biyar ko goma, duk musayar bugu ɗaya ka ci wannan tazarar ba tare da ka yi karo da kowa ba. Bayan musaya uku ko huɗu sai ka ga su ne ke bugowa daga bakin gidansu, kai kuma kana karɓa a rabin filinsu. A tsaro kuwa, tunda ba jifa gaba, mutum tara ko goma na iya matsowa kusa da layin karo, a bar ɗaya ko biyu can baya don tarar bugu. Ƙungiyar da ke son cin Michigan daga tsakiyar fili sai ta ci yadi 5 sau goma sha ɗaya a jere ba kuskure, a gaban wannan bango. Ga kuma abu mai sauƙi: wanda ba ya riƙe da ƙwallo ba ya ci, kuma yawancin lokaci tana hannun Michigan.

Wasannin Albion da Case da Beloit ba su buƙatar dogon bayani. Ƙananan kwalejoji ne, ɗalibansu kaɗan, irin waɗanda manyan jami'o'i ke gayyata don motsa jiki, su kuma su sami rabonsu daga kuɗin ƙofa. Su ukun sun ba da maki 196. Da Buffalo, 324 ke nan daga wasa huɗu, fiye da rabin jimillar. Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi ga mai cewa raunin abokan karawa ne, kuma ba a musa ta.

Sai dai Buffalo ba a ɗauke ta mai rauni ba kafin ranar 26 ga Oktoba. A farkon kakar ta doke Columbia 5 da nema, Columbia kuwa tana cikin ƙungiyoyin gabashin ƙasar da ake ji da su. Maki 128 ɗin direwa 22 ne da bugun ƙari 18. Ko da an buga minti 70 cif, direwa ɗaya ke nan a duk minti uku da 'yan daƙiƙu, har da lokacin bugo ƙwallo da dawo da ita, alhali ma an rage lokacin wasan. Wannan shi ne misali mafi bayyana na yadda dokar bugowa da rashin canji ke cinye ƙungiyar da numfashinta ya ƙare. Abin da ya rage wa ɗan wasan da ya gaji shi ne ya kwanta a ce ya ji ciwo a tsayar da agogo na ɗan lokaci, ya tashi a ci gaba da tura shi.

Wasanni ukun tsakiya, Carlisle 22, Ohio State 21 da Chicago 22, su suka fi nuna ainihin ƙarfin ƙungiyar. Carlisle ba jami'a ba ce, makarantar gwamnati ce a Pennsylvania da aka kafa a 1879 don 'ya'yan asalin mazauna Amurka, waɗanda aka raba da iyayensu da harsunansu. 'Yan wasanta ba su da nauyi, amma suna da gudu da wayo, kocinsu kuma Glenn Warner ne, gwanin dabarun ruɗa masu tsaro. An buga wasan a Detroit ranar 2 ga Nuwamba. Chicago kuwa tana hannun Amos Alonzo Stagg, wanda ba a samu koci da ya fi shi sanin wasan ba a yankin, ko da yake ƙungiyarsa ta wannan shekara ba ta cikin mafi kyawun da ya haɗa. Ka lura a irin waɗannan wasanni makin bai wuce na direwa huɗu ba. Ƙungiyar da ta san tsaro kuma take da mai bugu na iya rage ɓarna sosai, ko da ba za ta ci ba.

Wasan Ohio State a Columbus ranar 9 ga Nuwamba yana da wani nauyi. Makonni biyu kafin nan ɗan tsakiyarsu, John Sigrist, ya ji rauni a ƙashin baya a wasa da Western Reserve, ya rasu bayan kwana biyu. An yi muhawara a jami'ar kan a daina wasan baki ɗaya, daga baya aka ci gaba. Ina kawo wannan ne don kada lambobi su rufe mana ido. Turereniyar da ke ba da yadi biyu-biyu ita ce ke karya wuya da haƙarƙari. Hular kare kai ba dole ba ce a lokacin, wasu na sa ta fata mai laushi, wasu abin kare hanci kawai, da yawa kuma kansu a buɗe. Babu tazara tsakanin sahu biyu kafin a miƙo ƙwallo, goshi da goshi ake tsayawa, alƙalai kuma ba su iya ganin abin da ke faruwa a ƙarƙashin tarin mutum ashirin.

Iowa aka rufe jadawalin da ita a birnin Chicago ranar 28 ga Nuwamba, ranar hutun godiya ta Amurkawa, aka rama kashin shekarar da ta wuce da 50 da nema.

Sai gayyata ta zo daga Pasadena a Kalifoniya. Masu shirya bikin furanni na sabuwar shekara suna son abin da zai ƙara jawo jama'a, suka ce a haɗa ƙungiya daga gabas da ta yamma. Suka kira Michigan, suka kira Stanford, wadda ta sallami Yost shekara guda kafin nan. Tafiyar jirgin ƙasa ce ta kusan mako guda, daga ƙanƙarar Ann Arbor zuwa zafin kudancin Kalifoniya, da 'yan wasa da ba su kai ashirin ba. Wajen mutum 8,000 suka cika filin. Stanford ta riƙe wuta fiye da minti ashirin ba a ci ta ba, aka tafi hutun rabin lokaci 17 da nema. Bayan an dawo abin da ya sami Buffalo ya same ta, raunuka suka yi yawa, ƙarfi ya ƙare. Snow ya dire sau biyar, Redden biyu, Herrnstein ɗaya, Sweeley ya buga ɗaya tsakanin turaku, Shorts ya ci bugun ƙari huɗu: 40 da 5 da 4, 49 ke nan. Saura minti takwas kyaftin ɗin Stanford, Ralph Fisher, ya nemi a tsaya, Michigan ta yarda. Michigan ba ta yi canji ko ɗaya ba, mutum 11 da suka fara a cikin wannan zafi su suka gama. Masu bikin ba su ji daɗin cin kacar ba, suka ajiye ƙwallo suka koma tseren keken doki da makamantansa, sai 1916 aka dawo da ita. Wannan wasa shi ake lissafawa a matsayin Rose Bowl na farko, wato wasan jami'o'i na sabuwar shekara da aka saba yi a Pasadena.

Yanzu ga ɗaya rabin tambayarka. Shin ita ce ƙungiya mafi ƙarfi a Amurka a 1901? Babu gasar fitar da zakara a lokacin, ƙuri'ar 'yan jarida ma sai 1936 aka fara ta. Cibiyar wasan a gabas take, wurin Harvard da Yale da Princeton da Pennsylvania, kuma Michigan ba ta kara da ko ɗaya daga cikinsu ba. Harvard ta ci wasanninta 12 duka a wannan shekara, ta doke Yale 22 da nema, Yale kuwa ta fi duk wadda Michigan ta haɗu da ita. Ko a ƙungiyar jami'o'in yankinta, wadda aka kafa a 1896 kuma ta zama Big Ten daga baya, Michigan raba kambu ta yi da Wisconsin, don ba a haɗa su wasa ba. Masu bin tarihi da suka zo daga baya suna naɗa zakarun shekarun da suka wuce sun rabu, wasu Michigan wasu Harvard. Wanda ya ce maka tabbas Michigan za ta doke Harvard, ra'ayinsa ya faɗa.

Akwai kuma ƙorafin da aka yi tun a lokacin, cewa Yost na tafiya da 'yan wasansa daga makaranta zuwa makaranta. Heston da Gregory daga Kalifoniya suka zo, kuma shugaban Stanford, David Starr Jordan, ya fito fili ya soki yadda ake ɗaukar irin waɗannan ɗalibai. Dokokin cancanta a lokacin sako-sako ne, kowace jami'a da nata, kuma Michigan ba ita kaɗai ke cin moriyar wannan ba. Duk da haka ƙorafin yana da tushe, bai kamata a share shi ba.

Abin da ya sa ban yarda cewa rauni kawai ba ne, shi ne abin da ya biyo baya. A 1902 ta ci 644 aka ci ta 12, kuma a wannan karon ta haɗu da Wisconsin ta doke ta 6 da nema. A 1903, 565 da 6, makin nan shida Minnesota ce ta ci a canjaras 6 da 6. A 1904, 567 da 22. A 1905, 495 da 2. Shekara biyar, nasara 55, canjaras ɗaya, rashin nasara ɗaya, maki 2,821 da 42. 'Yan wasa sun sauya, madugu ya sauya, tsarin bai sauya ba, sakamakon ma haka. Sa'a ko jadawali mai sauƙi ba sa yin shekara biyar.

Rashin nasarar guda ɗaya ita ce ke nuna iyakar tsarin. Ranar 30 ga Nuwamban 1905 a filin Chicago, Stagg ya zo da sahun da Michigan ta kasa turawa, da madugu mai ƙafa, Walter Eckersall. Da ba wanda ke iya cin yadi 5 a kai a kai, sai wasan ya koma musayar bugu daga farko har ƙarshe. A rabi na biyu ɗan wasan Michigan ya karɓi bugun Eckersall a bayan layin gidansu, maimakon ya danne ta a ƙasa a nan ya yi ƙoƙarin fitowa da ita, aka cafke shi aka mai da shi ciki. Maki 2 ke nan ga Chicago, kuma da su aka tashi.

Kakar 1905 ɗin ce ta kawo ƙarshen wannan salon wasa. Jaridar Chicago Tribune ta ƙirga mutum 18 da suka mutu a filayen ƙwallo a shekarar, yawancinsu 'yan makarantun sakandare da ƙungiyoyin gari. Shugaba Theodore Roosevelt ya kira wakilan Harvard da Yale da Princeton fadarsa a watan Oktoba, jami'o'i kuma suka kafa hukumar kula da wasanninsu, wadda ta zama NCAA a 1910. Dokokin 1906 sun halatta jifa gaba, sun mai da yadi 5 zuwa 10 a yunƙuri uku, sun sa tazara tsakanin sahu biyu, sun rage wasa zuwa minti 60. A 1910 aka tilasta mutum bakwai a sahun gaba, aka hana turawa da jan mai ƙwallo. A 1912 aka ƙara yunƙuri na huɗu, fili ya koma yadi 100, direwa ta zama maki 6.